Ƙarar da Ke Cikin Motar Likita

Yaya, in wanki kike ki tsame hannunki, in girki kike ki rage wuta. Labari ne da ni, tun jiya yake cina. Na kira wayarki sau huɗu ba ki ɗauka ba, shi ya sa na zauna nake rubutawa, Kumatu tana kan cinyata tana tsotsar bakin zanena. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya. Kuma kar ki tsallaka zuwa ƙarshe, na san halinki.

Kin tuna jar motar nan da kika gani a garejin surukina lokacin da kika zo ganin Kumatu? Wadda kika ce wannan mota ce ko takalmi? To ita. Kujera biyu kacal, ba rufi sai wani tamfol da ake naɗewa, hancinta dogo, in kika zauna a ciki kamar a kan titi kike zaune. Irin motocin tsere na da. Ta girmi Baban Kumatu nesa ba kusa ba. Ta Likita ce, tsohuwar nan mai farin gashi da ta yi ritaya daga asibiti. Tun tana budurwa take tuƙa ta, kuma shekara talatin babu hannun da ya taɓa injinta sai na Baba, surukin nawa.

To bara injin ya fara gajiya. Kayan gyaransa an daina samu a kasuwa, ga hayaƙinsa yana tayar wa Likita da tari. Baban Kumatu kuwa kin san shi da wayoyi da batira, shekara biyu ya yi yana zuwa koyon aikin motocin lantarki. Sai ya ce mata zai iya cire injin ya sa mata na lantarki, jikin motar kuma ko fenti ba zai taɓa ba. Likita ta ce a yi. A gaban Baba fa ta faɗa.

Ranar da aka ɗaga injin nan da sarƙa, Yaya, Baba tsayawa ya yi kamar ana fitar da gawa daga gida. Ya sa aka ajiye shi a kusurwa, ya goge shi tas, ya shiga ɗaki ya ɗauko bargonsa ya lulluɓe shi. Bargon da yake rufa da shi! Inna, surukata, har yau tana mita. Sannan ya juyo ya ce wa ɗansa:

"Ka ji ni da kyau. In Likita ta hau motar nan ta ce ba tata ba ce, ka mayar mata da injinta da hannunka, ka kwashe wayoyinka ka bar min garejina."

Shi kuma uban taurin kai ya ce, "Na yarda, Baba. In ta ƙi ta, zan tafi."

Kin san ba wasa yake ba, don akwai wani kamfani can nesa da ya daɗe yana nemansa. Ni kuwa na shiga tunani. In bar ɗakina da ke bayan gareji, in bar Inna da take karɓar min Kumatu in samu in runtsa, in je inda ko maƙwabciya ban sani ba? Ba na so, Yaya. Shi ma na san ba ya so, baki ne kawai.

Daga ranar Baba ya ɗauki alli ya ja layi a tsakiyar gareji. Nan nasa, can na mai waya. Haka ya koma kiran ɗansa, mai waya. Wata huɗu ba su yi wa juna magana ba sai gaisuwar safe, ni ce 'yar aike. Suna tsaye taku biyar tsakaninsu, sai Baba ya ce, "'Yar nan, ki ce wa mai waya kwalinsa ya tsallako layi." In juya in faɗa. Shi kuma ya ce, "Ki ce wa Baba iska ce ta turo shi." In juya in faɗa. Dogo mai walda, wanda yake yi wa kowannensu aiki, ya ce in an gama motar shi zai nemi a ba ni lambar yabo.

Abin da ke cin Baba, daga baya na gane. Kin san shi da kunne yake aiki. Mota tana shigowa tun daga bakin titi zai ce fulogi na uku ne, a buɗe a ga haka ne. Yana da wani dogon sukundireba, sai ya ɗora bakinsa a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya rufe ido, kamar yadda ake auna ƙirjin yaro a asibiti. To motar da ba ta da inji me zai saurara? Wata rana ina share gefensa na ji yana ce wa Inna, "Motar da ba ta magana ba ta bukatar irina." Ya ba ni tausayi, wallahi.

Ran Litinin da ta wuce aka gama haɗawa. Batiran an raba su, rabi a gaba inda injin yake da, rabi a bayan kujeru. Sabon injin kuwa ɗan mitsitsi, bai fi tukunyar da nake dafa wa Kumatu ruwa ba. Baban Kumatu ya shiga ya murɗa makulli. Shiru. Dogo yana tsaye a gaba ya riƙe ƙugu, ya ce, "To Injiniya, tada ta mana mu ji."

"Ai a tashe take."

"Kai dai ka faɗi gaskiya, ta ƙi ko?"

Bai rufe baki ba motar ta taho sululu ta dungure shi a gwiwa. Dogo ya yi tsalle ya haye tebur yana salati, ya ce wannan ba mota ba ce, kyanwa ce. Ni kuwa na saki guɗa, Kumatu ta firgita ta sa kuka, Inna ta fito da ludayi a hannu. Baba yana can gefensa ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani, ko motsi bai yi ba.

Baban Kumatu ya fita gwaji yana washe baki. Bayan minti ashirin ya dawo fuska a murtuke. Wai da ya hau babban titi ya taka, sai wata ƙara ta taso, wuuu, wuuu, kamar ƙudan zuma a cikin kwalba. Ga kuma wani ƙwas-ƙwas duk sanda ya hau gargada. Likita kuwa ran Asabar da ƙarfe goma za ta zo.

Kwana uku, Yaya. Kwana uku bawan Allahn nan yana fama. Ya jona kwamfutarsa, ta ce komai lafiya. Ya cire wayoyi ya mayar. Shi da Dogo suka sauke sabon injin har sau biyu suka sake ɗaurawa, don a ganinsu tunda shi ne baƙo a motar, shi ne mai laifi. Ƙara tana nan. Na kai masa abinci ya ce in ajiye, na dawo na tarar ƙuda ne suka ci rabonsu. Ran Alhamis da yamma na shiga ɗaki na gan shi ya sauko da babbar jakarmu daga kan kabad yana kaɗe mata ƙura.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Dubawa kawai nake ko zif ɗin yana aiki."

Na ce, "Ka tambayi Baba mana."

"In tambaye shi me? Ya ce ba ya son ko jin sunanta."

Na fita na bar shi da jakarsa. Washegari da safe na miƙa wa Inna Kumatu, na ɗaura ɗankwalina tamau, na je na tsaya a gabansa na ce tunda dai gobe za a ɓalle motar nan, ni sai an zaga da ni. Wata huɗu ina kwana da warin waya a ɗaki, ai na ci a ɗana ni. Ya yi tsaki ya buɗe min ƙofa.

Yaya! Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Da ya taka totur sai na ji bayana ya manne da kujera, cikina ya tsaya a gareji ni na yi gaba. Ba hayaƙi, ba jijjiga, iska kawai. Har maganar masu shago nake ji muna wucewa, wani yana ce wa abokinsa tura ta ake yi ne? Na yi ta dariya kamar wata sabuwar kamu. Da muka hau babban titi sai ga ƙarar, wuuu. Na zaro wayata a hankali na danna wurin ɗaukar murya, na ajiye ta tsakanin ƙafafuna. Duk inda muka bi sai in faɗa da ƙarfi, "Kai, kwanar dama!" ko "Wayyo, gargada!" Ya ce ni wai yau na fara shiga mota ne.

Da rana Baba yana cin abinci a kan bencinsa a tsakar gida. Na kawo masa ruwa, na koma gefe na zauna ina ba Kumatu nono, na kunna abin da na ɗauka na ƙure sauti, kamar dai ni kaɗai nake ji. Ban kalle shi ba, amma ta wutsiyar ido na ga cokalin ya tsaya a hanya.

"Mene ne wannan kike kunna mana?"

"Ba komai, Baba. Motar Likita ce, wai sabon injin ne ya lalace."

"Ai dama na faɗa." Ya kai loma. Ya tauna sau biyu. "Mayar da shi baya."

Na mayar.

"Nan da kika ce kwanar dama, da gaske dama kuka yi?"

"Dama, Baba, wajen gidan mai."

"Ƙara mayarwa."

Ya ajiye kwanon, ya karɓi wayar da hannunsa mai baƙin mai, ya kara a kunne ya rufe ido. Sai da ya ji sau biyar. Sai ya buɗe ido ya ce, "Shashashai. Su biyu, manya da su, da gemu. Inji ina ruwansa da kwana? Ƙarar da ke ƙaruwa in an karya dama, ta ragu in an karya hagu, ai nauyi ne ke sauka a kanta. Boris ne. Na tayar baya ta hagu."

Boris, Yaya, wani zoben ƙarfe ne mai 'yan ƙwallaye a ciki, a kansa taya take juyawa. Ni ma shekaranjiya na sani.

Na ce, "To bari in je in faɗa masa."

Ya ce, "Zauna. Ke za ki je ki ce na gaba."

Ya miƙe, ko hannu bai wanke ba, ya ɗauki dogon sukundirebansa. Na saɓa Kumatu na bi shi, Inna ta biyo ni. Ya zo kan layin allin nan ya ɗan tsaya. Dogo ya kashe wutar walda. Sai Baba ya tsallaka kamar bai ga komai a ƙasa ba, ya ce, "Kai, sa mata jak a baya." Kai tsaye ya faɗa wa ɗansa, ba ta bakina ba!

Aka ɗaga. Ya sa Dogo ya juya tayar da hannu, shi kuma ya durƙusa ya ɗora sukundireba ya saurara. Sai ya jawo Baban Kumatu ta kwalar riga ya manna masa ƙotar a kunne.

"Me ka ji?"

"Kamar ana niƙa tsakuwa."

"To kwamfutarka ta ji?"

"Ba ta ji ba, Baba."

"Ta yaya za ta ji, ita abin da ka sa jiya kawai ta sani."

Baban Kumatu ya ce amma ai da can motar ba ta wannan ƙarar. Baba ya sake juya tayar da hannu. Can ya ce, "Tana yi. Wannan cin ba na wata huɗu ba ne, ya kai shekara biyu. Injin ne yake rufe ta da ihunsa." Ya shafa gemu. "Ni ma ban ji ba."

Boris ɗin irin wannan motar ba a samunsa a shago. Amma kin san Baba ba ya yar da komai. Ya buɗe akwatin ƙarfensa ya yi ta tono, ya fito da wani a naɗe cikin tsumma da giris, wai daga wata 'yar'uwar motar ya cire tun kafin a haifi mijina. Kafin la'asar sun sa shi. Sai Baba ya goge hannu ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerar fasinja, yana kallon gaba.

"Saura ƙwas-ƙwas ɗin. Ja mu je. Kuma kar ka yi min magana."

Suka tafi. Da suka dawo tun kafin motar ta tsaya Baba yake lissafi da yatsu: robar da ke riƙe sifirin ta bushe, wayar burkin hannu tana taɓa ƙarfe, murfin but ɗin baya yana so a ɗaure. Fuskarsa kamar yaron da aka ba alewa, yana ta ƙoƙarin ɗaure ta tana kwancewa. Ya ce, "Shekara talatin ina gyara motar nan, ashe rabinta ban taɓa ji ba." Ƙwas-ƙwas ɗin kuma ya ce a cikin ƙofar direba yake, daga ƙasa.

Aka kwance fatar ƙofar. Baban Kumatu ya zura hannu can ciki ya lalubo, sai ga shi ya fito da sufana. 'Yar ƙarama, lamba goma, duk ta yi tsatsa, amma da ɗigon jan fenti a gindinta, irin alamar da Baba yake yi wa kayan aikinsa.

Ya miƙa wa Baba. Inna ce ta fara magana. Ta ce, "Malam, wannan ba ita ce sufanar da ka hana yaron nan zuwa ƙwallo wata guda a kanta ba? Ka ce shi ya kai wa abokansa?"

Baba ya juya ta a hannu. Ashe shi da kansa ya manta ta a ciki ranar da ya gyara gilashin ƙofar, shekara goma sha tara ke nan. Dogo ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Baban Kumatu ya ce, "Baba, ai na gaya maka ba ni ba ne."

"Ka gaya min."

"Har rantsuwa na yi."

"Na ji, ka yi." Ya goge sufanar a rigarsa ya miƙa masa. "Riƙe. Taka ce, ka riga ka biya ta da jikinka." Sai ya daka wa Dogo tsawa wai me yake yi wa dariya, ya zo ya riƙe fitila.

Jiya Asabar tun ƙarfe tara na yi wa Kumatu wanka na sa mata rigarta mai fure. An wanke motar tana ta sheƙi. Goma daidai sai ga Likita a tasi, da gilashinta da 'yar jakarta. Ta zagaya motar sau ɗaya, ta shafa hancinta, ta leƙa ciki. Ta dubi Baba.

"Oga, an ce ka yi fushi da ni."

"Wa ya faɗa? Aiki ne ya yi min yawa."

"To shiga mu je. Injiniya, kai ka jira, in da kai a ciki ba zan iya faɗin gaskiya ba."

Ta ja suka fita. Mu kuma muka tsaya a bakin gareji. Baban Kumatu ya kasa zama, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Minti goma, shiru. Minti ashirin. Dogo ya ce ko caji ya ƙare. Na ce ya rufe mana baki. Minti arba'in, Yaya! Har na fara tunanin wace tukunya zan ɗauka wace zan bar wa Inna.

Sai ga su sun ɓullo ta kan kwana a guje, ɗankwalin Likita ya zame, Baba ya dafe hularsa da hannu biyu. Ta taka burki daidai gabanmu. Baba ya fito yana haki yana cewa, "Matar nan za ta kashe ni, ba ta jin inji sai ta ɗauka ba gudu take ba!"

Likita ba ta fito ba. Tana zaune, hannunta a kan sitiyari. Baban Kumatu ya matsa ya rusuna.

Ta ce, "Titi na farko na ji haushinka. Ina ta jira ta yi min gurnanin nan nata, ba ta yi ba. Na ce yaron nan ya kashe min mota."

Na ƙanƙame Kumatu.

"Sai muka kai kwanar nan ta bayan makaranta, wadda nake sha tun ina da ƙuruciya. Ta kwanta min yadda ta saba, sitiyarin ya yi min nauyin da na sani. Kuma minti arba'in ban yi tari ko sau ɗaya ba." Ta buga sitiyarin da tafin hannu. "Tawa ce. Miƙo min wayar cajin ka nuna min inda ake sokawa."

Yaya, ban san sanda na miƙa wa Dogo Kumatu na hau rawa a tsakiyar gareji ba, a gaban surukina! Inna tana kuka tana dariya. Ba inda za mu! Muna nan! Kuma ji wani, Likita ta ce akwai abokanta biyu masu irin tsofaffin motocin nan a ajiye, sun ce in tata ta yi kyau za su kawo nasu. Ɗaya ma Laraba za a kawo ta.

Bayan ta tafi Baba ya zauna a kan tsohuwar taya ya sha ruwa kofi biyu. Ya ce, "Ta Larabar nan, ba mai taɓa ta sai na zaga da ita da injinta. In ka gama naka kuma in sake zagawa. Kai ka ji da wutarka, abin da ke ƙasa nawa ne."

"To, Baba."

"Kuma waɗannan wayoyin masu launin ruwan lemo, wanne ne yake kisa?"

"Dukkansu."

"To zo ka nuna min, kar wata rana in kai hannu."

Baban Kumatu ya ce ba a taɓawa sai da safar hannu ta roba, ya ɗauko tasa ya ba shi. Kin san hannun Baba, kamar faranti. Ya yi ta tura yatsu, uku suka shiga biyu suka ƙi. Ya cire ya jefa masa.

"Wannan ta yara ce. Litinin ka sayo min babba."